Kujerar Manajan Yankees: Tsakanin Jita-jita da Muryar 'Yan Kallo

Ranar 26 ga Oktoban 2017 ƙungiyar New York Yankees ta raba gari da manajanta Joe Girardi. Kwana biyar kafin nan ta sha kashi a hannun Houston Astros a wasa na bakwai, wanda da ta ci shi da ta kai World Series, wato karawar ƙarshe ta gasar besbol a Amurka. Girardi ya shekara goma a kan kujerar, ya ci wasa 910, ya ɗauki kofi a 2009, kuma a wannan kakar ya kai tawagar matasa inda ba wanda ya yi zato. Duk da haka aka ƙi sabunta masa kwantiragi. Daga ranar zuwa farkon Disamba kujerar tana nan ba kowa, birnin New York kuwa bai iya kame baki ba.

Murya biyu ce ta cika gari a waɗannan makonni. Akwai jita-jitar 'yan jarida, ta an ce wane ya shiga ofis jiya, majiya ta kusa da mai ƙungiya ta ce wane ne a gaba. Akwai kuma ra'ayin magoya baya, wanda suke so da wanda ba sa ƙaunar jin sunansa. Mutane kan haɗa su wuri guda su kira su surutu, alhali tambayar da kowace ke amsawa daban ce. Jita-jita tana ƙoƙarin faɗin wanda za a ɗauka, magoya baya kuma wanda ya kamata a ɗauka suke faɗa. Tarihin wannan kujera, da na wasu biyu ko uku makamantanta, ya isa a ɗora su a sikeli.

Sai dai a fara sanin aikin da ake wa wannan rububi. Manaja a besbol shi ne wanda mai kallon ƙwallon ƙafa zai kira koci, amma ikonsa bai kai na Ferguson ko Wenger a zamaninsu ba. Ba ya sayen ɗan wasa, ba ya sayarwa. Wannan aikin janar manaja ne da ke zaune a ofis, kuma a Yankees mutum ɗaya ne ke riƙe da muƙamin tun 1998, Brian Cashman, sama da shi kuma sai iyalan Steinbrenner masu ƙungiyar. Manaja yana saka rigar wasa kamar yaransa, ya tsara jerin mutum tara da za su bugi ƙwallo, ya kuma yanke shawarar da ta fi kowace jawo masa zagi, wato lokacin da za a cire mai jifa a sako wani. Wasa 162 ake yi a kaka, kusan kullum, daga bazara zuwa ƙarshen Satumba, kuma kafin kowane wasa da bayansa sai ya zauna gaban 'yan jarida. Wanda bai iya magana ba zai gaji da aikin kafin aikin ya gaji da shi.

Jita-jita ba daga sama take faɗowa ba, ruwa ba ya tsami banza. A besbol akwai 'yan jarida ƙalilan da sana'arsu ke nan, irin su Ken Rosenthal da Jeff Passan da Jon Heyman da Buster Olney, kuma jarinsu shi ne lambobin wayar da ke hannunsu. Wanda ke ba su labari yana da dalilinsa. Wakilin wani koci yana so a ji sunan mutuminsa a bakin babbar ƙungiya don farashinsa ya tashi a wata. Ofishin ƙungiya kan saki suna don ya ga yadda gari zai karɓa. Wani lokaci mai neman aikin ne da kansa ke kiran ɗan jarida, ya ce kada a ambaci sunansa. Shi kuma ɗan jaridar yana tsere da takwarorinsa a kan minti ɗaya ko biyu, kuma garaje yakan kayar da shi. A Disambar 2022 Heyman ya wallafa a Twitter cewa da alama ɗan wasan Yankees Aaron Judge ya nufi San Francisco Giants, har saurin ya sa ya rubuta sunan ba daidai ba. Bayan 'yan mintoci ya goge ya ba da haƙuri. Judge ya zauna a Yankees kan dala miliyan 360 na shekara tara.

A neman manajan 2017 Cashman ya yi wata dabara da ta rage wa masu tsegumi kasuwa. Duk wanda ya gama ganawa da shugabanni sai a haɗa shi da 'yan jarida ta waya ya amsa tambayoyi. Ta haka kowa ya san mutum shida aka kira, ba sai an laɓe a bakin ƙofa ba, kuma hirar kanta jarrabawa ce, tunda rabin aikin ke nan. Rob Thomson ne na farko, ɗan Kanada, mataimakin Girardi na kusa, wanda yake cikin gidan Yankees tun 1990. Sai Eric Wedge, wanda ya riƙe Cleveland da Seattle. Sai Hensley Meulens, ɗan tsibirin Curaçao mai jin harshe biyar har da Japananci, wanda yake cikin masu horarwa na Giants lokacin da ta ɗauki kofi uku. Sai Chris Woodward daga Los Angeles Dodgers, da Carlos Beltrán da bai fi makonni da yin ritaya daga wasa ba. Sai kuma Aaron Boone, mai shekara 44, mai sharhin wasa a tashar ESPN, wanda bai taɓa horar da kowace ƙungiya ba, babba ko ƙarama.

A waje kuwa wasu sunayen ake kira. Gidan rediyon WFAN, wanda tun 1987 wasanni ne babban zancensa dare da rana, shi ne majalisar magoya baya a New York. Direban tasi da lauya da tsohon da ya ga Mickey Mantle da idonsa duk layi ɗaya suke bi su kira su faɗi tasu. Wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ranar da Arsenal ta sha kashi a ƙarshen zamanin Wenger ya san irin zafin muhawarar. An ambaci David Cone, tsohon mai jifa da ya koma sharhi. An ambaci Al Pedrique, wanda ya reni yawancin matasan a ƙaramar ƙungiyar Yankees. An ambaci Alex Rodriguez, har mawaƙiya Jennifer Lopez, wadda suke tare a lokacin, ta fito tana masa kamfe a Twitter. Babu ko ɗaya cikin ukun da aka kira ganawa.

Idan a nan za a tsaya da awo, jita-jita ta yi wa magoya baya fintinkau. Sunan Boone ya fito a jaridu tun kafin a kira shi, kuma abin da ya fi sunan muhimmanci, masu rahoto sun riga sun siffanta irin mutumin da ake nema: mai ƙananan shekaru, mai iya zama da matasan 'yan wasa, wanda ba zai yi faɗa da sashen ƙididdiga na ofis ba. Cashman da bakinsa ya ce matsalar Girardi ita ce rashin kusanci da 'yan wasa, kuma kowa ya tuna yadda a watan Agusta Girardi ya soki Gary Sánchez a bainar jama'a kan sakacinsa wajen cafe ƙwallo. Hal Steinbrenner ya ƙara da cewa ko da an ɗauki kofi a shekarar, da sai an yi canjin. Ba kuma Yankees kaɗai ba ce. A daidai lokacin Boston ta sallami John Farrell bayan ya ci rukuninsa sau biyu a jere, Washington ta ƙi sabunta wa Dusty Baker bayan ya ci wasa 97, kuma dukansu sababbin hannu suka ɗauka, Alex Cora da Dave Martinez. Masu lambobin waya sun ga inda iska ke kaɗawa. Masu kiran rediyo suna can suna jayayya kan wane tsohon gwarzo ya fi cancanta.

Ra'ayin magoya baya yana da wani rauni da ya fi wannan, shi ne saurin juyawa. A wasa na biyu da Cleveland a farkon Oktoban 2017, Yankees na gaba da ci 8 da 3 sai alƙalin wasa ya ce ƙwallo ta bugi hannun ɗan wasan Cleveland Lonnie Chisenhall. Bidiyo ya nuna gindin sandarsa ta taɓa, Sánchez kuma ya cafe, wato da an duba da Chisenhall ya fita zagayen ya ƙare. Sánchez ya yi ta nuni ga benci a nemi a duba, Girardi bai nema ba. Na bayansa, Francisco Lindor, ya buga ƙwallo ta tsallake katanga ya kawo maki huɗu lokaci guda, aka ƙare Yankees ta faɗi da 9 da 8. Da aka koma gida wasa na uku, ana kiran sunan Girardi filin ya ɗauki ihun ba ma yi. Sai ƙungiyar ta ci wasa uku a jere ta fitar da Cleveland. Ba a yi mako uku da wannan ihu ba, da labarin sallamarsa ya fito, birnin da ya yi ihun ya cika da masu cewa an yi masa butulci. Shekaru suka yi suna masa ba'a kan kundin ƙididdigar da ba ya rabuwa da shi a benci, suna cewa takarda yake bi ba idonsa ba. Da Boone ya zo sai suka fara kewar mutumin da, a cewarsu, ke da ra'ayin kansa.

Tsofaffin magoya baya sun ga wadda ta fi wannan. A ƙarshen 1995 Buck Showalter, wanda ya farfaɗo da ƙungiyar bayan shekarun kunya, ya bar aiki saboda saɓani da mai ƙungiyar a lokacin, George Steinbrenner. Aka ɗauko Joe Torre, mutumin da ƙungiyoyi uku suka taɓa kora, Mets da Braves da Cardinals, wanda wasannin da ya faɗi a matsayin manaja sun fi waɗanda ya ci. Gari ya ɗauki zafi. Jaridar Daily News ta buga masa kanun labari mai nuna cewa bai ma san dawan garin ba. Har an ruwaito cewa Steinbrenner, da ya ga fushin jama'a, ya bi Showalter gida yana lallashinsa ya dawo. Torre ya ɗauki kofi a 1996, ya sake a 1998 da 1999 da 2000, kuma a shekara goma sha biyu da ya yi ba kakar da bai kai zagayen fitar da gwani ba. Da an bi ta masu ihu, da an yi asarar manajan da ya fi kowa nasara a gidan tun zamanin Casey Stengel.

Da Torre ya ƙi tayin shekara ɗaya a 2007 ya tafi, zuciyar 'yan kallo tana wajen Don Mattingly, ɗan lelen birnin, wanda ya yi duk wasansa a Yankees daga 1982 zuwa 1995 ba tare da ya taka World Series ba. Mutane suna jin kamar ƙungiyar na da bashinsa a wuya. Cashman ya zaɓi Girardi, kuma a kaka ta biyu aka ɗauki kofi na 27. Wannan ɗabi'a ta son tsohon gwarzo tana ko'ina, kuma ba wauta ba ce, ƙauna ce. Illarta ita ce ba ta da alaƙa da sanin lokacin da hannun mai jifa ya gaji. Ita ce ma ta sa naɗin Boone ya shiga cikin sauƙi, don a 2003 shi ya buga ƙwallon da ta fitar da Boston a zagaye na goma sha ɗaya na wasa na bakwai. Bugu ɗaya na shekara goma sha huɗu baya ya rufe bakin mutane da yawa da in ba don shi ba da sun tambayi ina ƙwarewa.

To amma kada a yi saurin naɗa wa jita-jita rawani. A ƙarshen Oktoban 2023 kwantiragin manaja Craig Counsell da Milwaukee Brewers ya ƙare, kuma makonni aka yi ana lissafi a kan wurare uku. Ko ya zauna a gida, tunda a unguwar Whitefish Bay kusa da Milwaukee ya tashi. Ko ya bi tsohon maigidansa David Stearns zuwa New York Mets, wadda mafi yawan masu rahoto suka fi karkata gare ta. Ko kuma Cleveland. Ranar 6 ga Nuwamba sai ga shi a Chicago Cubs, kan dala miliyan 40 na shekara biyar, kuɗin da ba manajan da ya taɓa samu. Cubs ba ta ma cikin masu zawarci a idon duniya, domin tana da manajanta David Ross, gwarzon kofin 2016, da sauran kwantiragi a hannunsa. Shugaban sashen wasa na Cubs, Jed Hoyer, ya gana da Counsell a asirce, mutum ƙalilan suka sani, kuma ba wanda ya yi waya. Duk manyan masu majiya sun wayi gari suna jin labari tare da kowa. Abin da wannan ya nuna mini shi ne ingancin jita-jita bai dogara da sanin besbol na mai yaɗa ta ba. Ya dogara da yawan masu sakin baki a ofishin da ake magana. Inda aka ja ƙofa aka rufe, ɗan jarida mai lamba dubu da direban tasi duk ɗaya suke.

Akwai kuma ranar da magoya baya suka yi gaskiya tun kafin a buga wasa ɗaya. A Oktoban 2020 Chicago White Sox na da tawagar matasa masu tashe, kuma kowa ya ɗauka A.J. Hinch za a kawo. Da aka fara jin raɗe-raɗin Tony La Russa, mutane da yawa sun ɗauka raha ce. Shekararsa 76, rabonsa da riƙe ƙungiya tun 2011. Amma mai ƙungiyar, Jerry Reinsdorf, ya daɗe yana nadamar korar da aka yi wa La Russa a 1986, kuma wuƙa da nama suna hannunsa. Aka naɗa shi. Wani abin dariya, hoton sanarwar da aka aika wa magoya baya ta imel ya fito ɗauke da sa hannun Hinch, abin da ya ƙara wa mutane zargin cewa ofis wani ya shirya wa, maigida ya kawo nasa. 'Yan kallo suka ce wannan biyan bashin abota ne, ba neman kofi ba. Kakar farko ta so ta ƙaryata su, don an ci wasa 93 an ɗauki rukuni. A ta biyu sai abin ya fito fili. A wani wasa da Dodgers a watan Yuni, La Russa ya ba da umarni a bar Trea Turner ya wuce da gangan alhali kuskure ɗaya ya rage masa ya fita, na bayansa Max Muncy ya buga ta bayan katanga. Ba da jimawa ba filin ya fara rera kiran a kori Tony. Ƙungiyar ta gama da ci 81 faɗuwa 81, shi kuma ya sauka saboda rashin lafiya.

A nan jita-jita ta faɗi suna daidai, amma ba ta da bakin cewa kuskure ne. Ba aikinta ba ne, kuma mai rahoton da ke son Reinsdorf ya ɗaga masa waya gobe ba zai zage shi yau ba. Wannan shi ne babban bambancin da nake gani tsakanin muryoyin biyu. Mai yaɗa jita-jita yana da abin da yake tsoron rasawa, wato majiyarsa, saboda haka yakan faɗi abin da ofis ke so a ji, da irin lafazin da ofis ke so. Mai kiran rediyo ba ya bin kowa bashi, ba a bin sa. Da kuɗinsa ya sayi tikiti, da muryarsa yake magana, in ya yi kuskure abokansa za su tuna masa har shekara goma. Ita kuwa majiya mai tushe ba ta taɓa jin kunya, don ba wanda ya san fuskarta.

Gwajin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da ya faru da waɗanda aka bari a 2017. Beltrán, wanda sunansa ya fi na kowa ƙyalli, Mets ta naɗa shi a Nuwambar 2019, ya sauka a Janairu bai jagoranci wasa ko ɗaya ba, bayan an ambace shi a badaƙalar satar alamun jifa ta Astros. Woodward ya samu Texas Rangers, aka sallame shi a 2022. Thomson, wanda ba masu rahoto ba 'yan kallo ba wanda ya ɗaga murya dominsa, ya tattara ya koma Philadelphia Phillies a matsayin mataimaki. A can kuma magoya baya suka samu abin da suka roƙa. Sun tsani manajansu Gabe Kapler, suna cewa kwamfuta ce ke masa tunani, aka kore shi a 2019 aka kawo musu gogagge mai kofi a hannu, wato Girardi, gari ya yi murna. Kapler ya koma San Francisco, inda can ma ba a yi maraba da shi ba, ya ci wasa 107 a 2021. Girardi kuwa aka sallame shi a farkon Yunin 2022 da ci 22 faɗuwa 29. Wanda aka ba riƙon ƙwarya shi ne Thomson, kuma da 'yan wasan nan dai ya kai Phillies World Series a shekarar. Mutumin da ya yi shekara 28 a gidan Yankees yana jira, ba a gan shi ba sai da ya fita.

Shi Boone fa? Lissafinsa yana ba kowane ɓangare abin riƙewa. Ya ci wasa 100 a kakarsa ta farko, 103 a ta biyu duk da raunukan da suka yi wa tawagar kaca-kaca. Amma Boston ta fitar da shi a 2018, har da wani wasa na 16 da 1 a gida, Astros ta fitar da shi a 2019 da 2022, a 2023 kuma ko zagayen fitar da gwani bai kai ba. A 2024 ya kai World Series. A wasan farko da Dodgers, a zagaye na goma, ya sako Nestor Cortes, wanda ya fi wata bai yi jifa a wasa ba saboda ciwon hannu, Freddie Freeman ya buga masa wadda ta ƙare wasan da maki huɗu. A wasa na biyar Yankees na gaba da 5 da nema, sai a zagaye guda aka yar da ƙwallo mai sauƙin cafewa, aka yi jifa ba saiti, mai jifa ya ƙi rugawa ya tare kusurwar farko. Dodgers ta farke duka biyar, ta ɗauki kofi a filin Yankees.

Waɗannan kurakurai na sakaci su ne abin da masu kiran WFAN suka shekara suna kuka a kai, cewa ƙungiyar ba ta kula da ƙananan abubuwa, ba a tsawata wa kowa, kuma manaja zai fito bayan kowace faɗuwa ya ce yara sun yi ƙoƙari. A nan nake ba su gaskiya. Mutumin da ya kalli wasa 162 a shekara, shekara bayan shekara, yana ganin abin da ƙididdiga ba ta riga ta kama ba. Magoya baya sun iya gane ciwo, wajen rubuta magani ne suke ɓata rawarsu da tsalle, domin kusan kullum kishiyar wanda ya tafi suke nema. In mai tsanani ne ya tafi a kawo mai sanyi, in mai sanyi ne a kawo mai tsawa, in kuma an rasa a kawo tsohon gwarzo.

Suna kuma yawan jifan kujerar da ba ita ba. Babban zargin da ake wa Boone shi ne ɗan amshin shata ne, ofis ke tsara masa jerin 'yan wasa da lokacin canji. Shi da Cashman sun sha musanta haka. Amma in zargin gaskiya ne, korar sa ba za ta canza komai ba, don wanda ya ɗauke shi zai ɗauko wani irinsa. In kuma ƙarya ne, to wasannin da ya ci ma nasa ne, ba faɗuwar kaɗai ba. George Steinbrenner a zamaninsa yakan ji ihun gari ya kori manaja kafin la'asar. Billy Martin kaɗai sau biyar ya naɗa shi, Yogi Berra kuma wasa 16 aka bar shi ya yi a 1985. Wannan zamani na sauraron fushi shi ne ya zo daidai da shekarun da ƙungiyar ta yi ba kofi, daga 1979 har 1995. Ɗansa Hal ya ɗauki akasin hanyar. Tun 1996 manaja uku kacal Yankees ta yi.

Shi ya sa yanzu muryoyin biyu suka rabu sarai a New York. Bayan faɗuwar 2021 a hannun Boston, lokacin da kwantiragin Boone ya ƙare kuma rediyo ta cika da sunayen magada, ƙungiyar ta ba shi sabuwar shekara uku. Bayan abin da ya faru da Dodgers, a Fabrairun 2025 ta ƙara masa zuwa ƙarshen 2027. Toronto ta fitar da Yankees a Oktoban 2025, kiran a kore shi ya sake tashi, kowa da sunan wanda yake so. Masu lambobin waya kuwa ba su kawo sunan magaji ko ɗaya mai nauyi ba, don babu wanda ya kira su daga ofishin Cashman ya ba su.